Alli, 'Yar Kyanwar Bayan Kicin

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙarfin jikinki, yaya jaririnmu da babansa? Ina fatan ciwon bayan ya sake ki. Ni lafiya lau, karatu kuma muna ta fama.

Yaya, kin san ni ba mai roƙo ba ce, ko sabulu ya ƙare mini sai dai ki gane da kanki. Yau kam roƙo na zo yi.

Ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi, ni da ƙawayena, Doguwa da Rediyo (bakinta ba ya hutawa, shi ya sa), muka tsinci 'yar kyanwa a bakin kwata, bayan kicin ɗin makaranta. Ita kaɗai, jiƙe sharkaf. Fara ce siririya, sai muka sa mata suna Alli. Rediyo ta wanke ta tas da sabulunta mai ƙamshi, har da shafa mata mai, wai kada a ce 'yar ɗakinmu ƙazama ce. Doguwa ta roƙo sirinji marar allura a ɗakin magani, da shi nake ɗiga mata madara, don ba ta iya lasa a faranti ba tukuna. A kwalin takalmina take kwana, ƙarƙashin gado.

Jiya matiron, mai kula da ɗakin kwananmu, ta ji kukanta. Ta ba mu zuwa ranar hutu: ko mu samo mata gida, ko a jefar da ita bayan katanga. Gidan su Doguwa akwai kare, baban Rediyo kuma ba ya ƙaunar ganin kyanwa. Ke kaɗai kika rage. Ba ta da ci, Yaya, cokali biyu ya ishe ta.

Ki sumbatar mini jariri.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso. Na fahimta, ɗaki ɗaya da jariri mai tari ba wurin kyanwa ba ne. Ban yi fushi ba, kuka kawai na yi.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Kwanakin nan wata farar kyanwa tana zagaya kwatar nan kullum da yamma, tana kuka har muryarta ta dishe. Kuku, mai dafa mana abinci, ya ce uwar Alli ce. Ashe ran nan kwashe 'ya'yanta take yi daga ruwa, ɗaya bayan ɗaya a bakinta, Alli ce ta ƙarshe, tana jiran a dawo a ɗauke ta. Mu muna murna mun ceci marainiya, ashe 'yar wata muka sace.

Mun mayar da Alli bakin kwatar, muka ɓuya bayan tankin ruwa. Uwar ta zo da gudu, Alli ta rarrafa wajenta. Uwar ta sunsuna ta, ta sake sunsunawa, sai ta yi baya tana huci, ta haura katanga. Kuku ya ce ƙamshin mutane ta ji, ba na 'yarta ba. Tun ranar Rediyo ba ta yi magana ba, har ana tsokanarta wai batirinta ya mutu. Ba wanda ya yi dariya a cikinmu.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ku duka, da fatan tarin jariri ya yi sauƙi.

Mun bi gidajen malamai ƙofa ƙofa muna nema wa Alli gida. Wata ta ce yaranta za su matse ta, wani ya ce da mun maida hankalin nan kan lissafi da ya fi mana. A ƙarshe direban motar da ke kawo wa kicin kaya ya ce zai ɗauka, ɓeraye sun dame shi a sito. Doguwa ta yi tsalle, matiron ta ce kun ga, Allah ya kawo mafita.

Ni na miƙa masa kwalin. Ya leƙa, ya yi dariya, ya ce, "Wannan ai ɓeran ne zai kama ta. Ba komai, zan ajiye mata ruwa da ragowar abinci."

Yaya, na shirya maganata tun safe. Zan gaya masa ba ta iya ci da kanta ba, sai an ɗaga kanta an ɗiga mata a gefen baki, a hankali. Amma kuku na tsaye, matiron na tsaye, duk ido ya dawo kaina, sai harshena ya yi nauyi kamar yadda yake yi in malami ya tashe ni a aji. Na ce masa na gode. Iyakar abin da ya fito ke nan. Ya ajiye kwalin tsakanin buhuna, ya ja mota.

Kuku ya ce direban ba zai sake kawo kaya ba sai an dawo hutu, kuma bai san inda siton yake ba.

Kowa na cewa mun yi aikin lada. Uwar tana nan tana zuwa bakin kwata, na daina bi ta wajen. Ɗazu ina haɗa kayana na tafiya hutu, na sa hannu a aljihun rigar makaranta, na ji sirinjin, da sauran madara a ciki. Ban iya wanke shi ba.

Idan na iso gobe, don Allah kada ki tambaye ni labarinta a gaban mutane.

Ƙanwarki,
Auta