Kiran da Nachisale Ke Yi a Bakin Ƙofa

Zomba, farkon Janairu

Zuwa ga Nachisale, tsohuwar banza,

Gaisuwa mai yawa, ke da ɗanki da matarsa da jikokin da suka sace min ke. Ni ce Abiti Chande, idan ruwan famfon Lilongwe bai wanke miki sunana daga kai ba.

Na rubuto, na sake rubutowa, ko layi ɗaya ban samu ba. Kin ce za ki je a duba miki ido ki dawo kafin damina. To, ruwa ya sauka, naman kaza ya fito a kan dutse har yana ruɓewa, ke kina can kina kallon talabijin.

Shekaranjiya na gaji da jira, na ɗauki kwando na hau ni kaɗai. Mai gadin daji, wannan mai giɓi, ya leƙa bayana, ya kira ni kaka da yarenmu ya ce, "Agogo, ina kika baro ɗaya ƙafar taki?" Na ce ta tafi birni auren minista. Muka yi dariya. Amma da na isa inda hanya ta rabu biyu sai na tsaya kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Tun muna da goyo ke kike bin dama, ni hagu, mu haɗu a tafkin ƙarshe. Yanzu dole ni zan zagaye duka.

Na bi nawa rabin, na wuce tafkin kwaɗi, na wuce mai furanni, na zauna kan dutsenmu na ci rogo. Rabonki na jefa wa gwaggon biri, ya karɓa ba godiya, na ce ai halinku ɗaya. Sannan na shiga naki rabin, wanda ban taɓa takawa ba. Nachisale, ke muguwa ce! Ashe duk shekarun nan hanya shimfiɗe kike bi cikin inuwa, kin bar ni da hawa da santsi, ki iso kina hakin ƙarya! Na nemi ɓoyayyen wurin da kike tsintar naman kaza a ƙarƙashin itatuwan masuku, ban samu komai ba sai laimar kwaɗi. Da rabin kwando na sauko. Dajin ya yi min girma.

Ki dawo kafin ruwa ya ɗauke. Kazarki tana ƙwai, ina ci, kada ki ce ban faɗa ba.

Taki,
Abiti Chande

Lilongwe, tsakiyar Janairu

Zuwa ga Agogo Abiti Chande,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ni ce Tiyamike, jikar Agogo Nachisale, wadda kike kira mai ƙafar sauro. Wasiƙunki duk sun iso. Baba ya yi ta jin nauyin ba ki amsa, shi ne na ce ni zan rubuta.

Agogo, ba ido kaɗai ba ne. Likita ya ce mantuwar tsufa ce, kuma ba ta komawa baya. Yanzu ba ta gane Baba, ni kuma tana ce min "yarinyar gidan nan". Na karanta mata wasiƙarki, ta saurara tana murza gefen zaninta.

Akwai wani abu da ya dame mu. Kullum da safe sai ta ɗauki kwandon wanki ta tsaya a bakin ƙofar gida, ta sa hannu a baki ta yi wani irin ihu, "Uuu-wii!" Sai ta yi shiru ta karkata kai, ta sake. Ba ta zama, ba ta cin abinci, idan an ja ta sai ta yi kuka. Maƙwabta sun fara magana. Baba yana so a ba ta maganin barci a riƙa rufe ta a ɗaki. Ko kin san ma'anar wannan abu? Kuma da za ki iya zuwa ki gan ta, da mun ji daɗi.

Ki huta lafiya.
Jikarki, Tiyamike

Zomba, ƙarshen Janairu

Tiyamike mai ƙafar sauro,

Na amsa gaisuwarki. Wasiƙarki ta kwana biyu a ƙarƙashin tabarma kafin na iya sake kallonta.

Ki ce wa ubanki na ce ya mayar da maganin nan inda ya samo. Na goya shi a dajin nan yana min fitsari a baya, yau shi ne zai rufe uwarsa a ɗaki? Kakarki ba hauka take ba, aiki take yi. Ku 'yan birni kuna ganin naman kaza a faranti, ba ku san yadda ake samo shi ba. Idan gajimare ya sauko kan dutse, ko hannunki ba kya gani. Shi ya sa ba a rabuwa sai da kira. Ɗaya ta ce "Uuu-wii", ɗaya ta amsa "Eee-yaa", wato ina nan, ban faɗi ba, ci gaba. Wadda ta yi kira ba ta ɗaga ƙafa sai an amsa. Ba ta zama, ba ta ci, ba ta komawa gida. Haka iyayenmu suka koya mana. Gida cike da masu digiri, an rasa mai cewa eee-yaa!

Ki je bayan katanga inda ba za ta gan ki ba, ki amsa. Ki ja ƙarshen da tsawo, daga ciki, ba da wannan muryar taki ta 'yan coci ba.

Jiya na sake hawa. A tafkin kwaɗi gajimare ya rufe ni, bakina ya yi kiran da kansa kafin na tuna. Na tsaya, ƙa'ida ce ai. Kwaɗin ma suka yi tsit. Can wasu baƙi masu manyan takalma suka ɓullo, suka ba ni ruwa da biskit, suna tsammanin na ɓata. Ni da na san kowace saiwa a hanyar nan! Na ci biskit ɗin dai.

Maganar zuwa kuwa, ki bar ta. Ba gwiwa ba ce, ba mota ba ce. Idan na shigo ta dube ni ta ce "wace ce wannan tsohuwar?", ina zan sa kaina? Duk waɗanda suka san ni ina budurwa sun tafi, ita kaɗai ta rage. Gara ina nan ina zaginta a takarda, ina ganin kamar tana ramawa.

Ki gaida kowa, har da uban naki.
Abiti Chande

Lilongwe, farkon Fabrairu

Agogo,

Ina gaisuwa. Na yi yadda kika ce. Ranar farko da na amsa, sai ta sauke kafaɗa, ta shiga gida da ƙafarta, ta ci tuwon nsima har da ƙari. Baba ya shiga banɗaki ya daɗe bai fito ba.

Amma ranar Lahadi da na amsa, sai ta yi tsaye ta ce, "Ke wace ce? Wannan ba Abiti ba ce. Muryar Abiti kamar akuya ta maƙale a shinge take." Ki yi haƙuri, Agogo, haka ta faɗa. Sunanki ne na farko da ta ambata tun Kirsimeti. Yanzu ta ce kin faɗi a wajen tafki mun ɓoye mata, sai ta je nemanki. Jiya a bakin babban titi aka tsinto ta da kwandon. Baba ya ce idan an kai ƙarshen mako a haka, ba shi da zaɓi sai ya sa wa ɗakinta kwaɗo.

Ban san abin da zan yi ba.
Tiyamike

Zomba

Tiyamike,

Akuya! Ita da take waƙa a coci jarirai suna kuka!

Na bar wa maƙwabciya kaji. Motar Juma'a zan hau, ki tare ni a tasha, ki zo da wanda zai ɗauki buhun rogo. Kada ki shigar da ni gida, kada ki gaya mata. Da safe ki kai ni bayan katangar nan ki tafi abinki.

Fuskata, ta gane ko kada ta gane, wannan ni da Allah. Amma ba a barin mutum tsaye.

Sai na zo.
Abiti Chande