Gwangwanin Jar Roba

Litinin, 3 ga Maris

An kawo mana sabon likita ɗakin maza. Yaro ne, dogo, yana tafiya kamar an biyo shi. Kafin azahar na raɗa masa Ɗan Sauri. Bai yi sallama ba, bai tambayi sunan kowa ba, sai kawai na dawo daga gado uku na tarar da shi zaune a kujerata. Kujerata! Mai matashin nan da na ɗinka da hannuna saboda ciwon baya. Ya ɗago ya ce, "Nas, ina fayil ɗin gado bakwai?" Shekarata goma sha tara a ɗakin nan, Babban Likita ma Sista yake ce min.

Laraba, 5 ga Maris

Birona biyu sun tafi. Na hango ɗaya a aljihunsa, har da tabon haƙorina a murfin.

Alhamis, 6 ga Maris

Na nuna masa gwangwanin jar robar ɗauri da ke kan teburinmu. Na ce a ɗakin nan in likita ya canza magani, sai ya ɗauki jar roba ɗaya ya ɗaure fayil ɗin da ita, don duk nas ɗin da ta hango ja ta san akwai sabon abu a ciki. Ni na ƙirƙiro shi tun ina da cikin Auta, kuma bai taɓa ba mu kunya ba. Ya ce "to, to, to" yana kallon waya. Wannan "to" ɗin na san irinta, ita yarana ke yi min in na ce su share tsakar gida.

Baba na gado bakwai, mai ciwon suga, ya ce in yi haƙuri da yaron, wai ƙafafunsa ne suka fi kansa sauri. Na yi dariya har da riƙe ƙarfen gado.

Talata, 11 ga Maris

Ai kuwa ya yi. Ya canza wa Baba ƙwaya, ba roba, ba magana, ya jefa fayil cikin sauran ya wuce. Allah ne ya sa na buɗe don duba wani abu daban. Raina ya ɓaci sosai. Na zauna na rubuta takardar ƙorafi, shafi ɗaya da rabi, da rubutuna mai kyau. Da na faɗa wa Metiron, shugabarmu, ta ce min yana cikin gwaji ne, ƙarshen wata za ta tambaye ni ko a bar mana shi ko a ɗauke shi, kuma duk takardar da ta shiga fayil ɗinsa ta shiga ke nan. Takardar tana cikin jakata. Ban miƙa ba tukuna, ina jira in huce don kar a ce zafin rai ne.

Maigida ya ce, "Ke da kike kuka ran da kika fara aiki?" Na ce ba shi na tambaya ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na kwashe gwangwanin na kulle a durowata. Tunda babu mai amfani da shi sai Babban Likita, shi kuma sai Litinin da Laraba yake zagaye, me zai zauna yi yana cin wuri? Na ji daɗi kuwa.

Talata, 18 ga Maris

Ban san ta ina zan fara ba.

Da hantsi ina ɗakin wankin ciwo da wani mai ƙuna, na fi minti arba'in. Na fito na ga fayil ɗin Baba an naɗe shi da igiyar nan ta rataya katin aiki a wuya, ja, har an yi mata ƙulli. Na gane ta Ɗan Sauri ce. Na ce oho, yau kuma kayansa ya fara zubar mana a tebur. Na kwance na jefa a kwandon tsintuwa, ban buɗe fayil ba. Lokacin allura na yi wa Baba ta suga, insulin, yadda aka saba.

Ashe yaron ya rage masa yawan allurar ne a fayil, don kwana biyu Baba ba ya cin abinci sosai. Wajen ƙarfe biyu na ga Baba yana haɗa gumi, hannu na rawa, yana kirana da sunan 'yarsa. Na auna, suga ya faɗi. Na dama ruwan sukari na ba shi, na sa aka kira likita. Sai ga Ɗan Sauri a guje daga sashen gaggawa, wuyansa ba kati. Ya duba fayil, ya dubi kwandon. Muka tsaya kan Baba tare har ya dawo daidai ya fara mitar mun ba shi ruwa ba ganyen shayi.



Laraba, 19 ga Maris

Zagaye. Babban Likita ya karanta, ya cire tabarau, ya ce yaya aka yi haka? Ga ɗalibai, ga nas uku, ga Metiron a bayana. Na buɗe baki ke nan sai yaron nan ya riga ni: "Ranka ya daɗe, ban sa jar roba ba, kuma ban faɗa wa Sista da baki ba." Ba ƙarya ya yi ba, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Aka wanke shi tas a gaban kowa, ya sunkuyar da kai yana "to, ranka ya daɗe". Metiron ta kalle ni irin kallon ga abin da za ki rubuta nan.

Bayan an watse ya same ni a ɗakin magani, ya tura ƙofa, ya ce a hankali, "Sista, don Allah ina gwangwanin? Jiya na neme shi har ƙarƙashin tebur." Wai ya leƙo ɗakin wankin ciwo ya ga hannuna cikin aiki, ya ji nauyin katse ni, sai aka kira shi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce yana durowata. Ya ce, "To." Shi ke nan abin da ya ce.

Alhamis, 20 ga Maris

Da sassafe na je ofishin Metiron, na ce ta kira Babban Likita. Na faɗi komai, gwangwani, igiya, kwando. Na cike takardar kuskure da sunana a sama, ta farko a shekara goma sha tara. Metiron ta karɓi takardar, sannan ta ce, "Ɗayar takardar fa?" Na ce wace takarda?

Na ba Baba haƙuri shi ma. Ya ce ya yafe, amma in an sallame shi yana son robar nan ɗaya ya ɗaure wa matarsa a hannu, ko za ta riƙa sanar da shi in ta canza shawara.

Litinin, 24 ga Maris

An sallami Baba, da robarsa. Gwangwani ya koma wurinsa. Na zura wa yaron roba guda biyar a wuyan hannu, na ce kar in sake ganin katinsa a tebur. Ya dawo min da biro uku. Biyu na sani, na ukun ban san na wace baiwar Allah ba ne.

Litinin, 31 ga Maris

Metiron ta tambaya kan yaron. Na ce a bar shi, wa ke da ƙarfin koya wa wani sabo daga farko? Shi ke nan dalilina. Takardar nan kuma na juya bayanta na rubuta sayayyar gida, bai kamata takarda ta lalace ba.

Na dawo daga gado biyu na tarar da Likita, shi yaron, a tsaye yana rubutu, ya lanƙwashe a kan tebur kamar zai karye, ga kujera babu kowa. Na ce ya zauna. Ya ce a'a, ta Sista ce. Na ce zauna mana, kana tare min haske.

Dama matashin ya fara yi min tauri.