Aikin Auta Ya Tsinke

Zuwa ga ɗana Babba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya tsare ku, ya ƙara rufin asiri. Mu nan alhamdulillahi, sai ƙafar babanku da ke tashi in ta ga dama, shi kuwa ba ya shan magani sai an yi faɗa.

Maganar ƙanwarka Auta ce ta sa na rubuto. Ka san shekara huɗu ke nan tana fama da wani sinadari da suke kira furotin a ɗakin binciken jami'a. Ta ce a cikin fatar ƙwayar halitta yake zaune, wuri mai maiƙo, ba ya fitowa sai da wani sabulu na musamman. In sabulun ya yi ƙarfi ya lalata shi, in ya yi sanyi ya ƙi fitowa. Kala goma sha ɗaya ta gwada kafin ta dace. Na ce ni da na tsufa a bakin bahon wanki ba a nemi shawarata ba, ta yi ta dariya.

Ranar Talata ta zo wankin ƙarshe, ta haɗa ruwan ɗauraya, ta manta ba ta zuba sabulun a ciki ba. Ashe shi wannan abu ba a ɗauraye shi tas. Sabulun ne rigarsa, da an tuɓe sai ya dunƙule. Ta nuna min hoton a waya: 'yar kwalba kamar ɗan yatsa, ruwan ciki ya tsinke kamar madarar da ta kwana. Na ce a ƙara sabulun a girgiza mana, ta ce in ya dunƙule ba ya dawowa.

In za ta sake daga farko, rainon sabbin ƙwayoyin halittar sati shida ne. Na'urar da za ta ɗauki hotonsa kuwa ranar Litinin mai zuwa aka sa mata, bayan wata takwas a layi. Malaminta ya ce zai roƙa a ɗaga mata ranar amma bai yi alkawari ba, ga wa'adin karatunta zai cika ƙarshen watan gobe.

Wallahi Babba ban san abin yi ba. Ta daina kuka, shi ne ya fi tayar min da hankali. Kullum da safe sai ta shirya tsaf, ta zauna bakin gado da jaka a cinya. In na kai abinci ta ce ta gode. Ta hana ni gaya maka, ga shi na gaya. Ka kira ta, kada ka taɓo maganar karatu.

Ka gaida matarka da 'yan biyu da kawunka. Babanku ma yana gaishe ku. Shi bai sani ba; ɗazu ya aiko ni in tambaye ka ko za ka samu hutu ranar yaye su Auta, na ce masa zan tambaya.

Ni ce mahaifiyarka,
Inna