Murjanin Rafiu a Ƙarƙashin Zane

Aboabo, Kumasi
Mayu

Yaya Kausara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa Nima, can Accra, lafiya, kin tarar da maigidan da yara kalau. Yaya ƙafar taki? Na gode da zaman da kika yi da ni har aka yi addu'ar bakwai. Allah ya bar zumunci.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata tana nan, amma tun da na shiga takaba Goggo Ajara, ƙanwar mahaifin marigayi, ta naɗo tabarmarta daga Asokore Mampong ta tare a ɗakina, wai ta zo taya ni zama. Duk abin da na faɗa a waya a kunnenta yake sauka, wani lokaci ma ita ke amsawa kafin ke. Shi ya sa in kin kira ba kya jin komai daga bakina sai lafiya lau. Matar Amidu direba ta ce in riƙa ba ta takarda, shi zai miƙo miki duk ranar da ya yi lodin Accra.

Akwai abin da ke damuna, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa. Kin tuna akwatin gilashin nan na marigayi Rafiu da ke kusurwar ɗaki, wanda kika ce ya fi firji shan wuta? Tun yana gyaran injin sanyi a jiragen ruwa a Takoradi ya ɗauko wannan sha'awa. A ciki akwai ruwan gishiri, da duwatsu, da kifaye biyu ƙanana, da abin da yake kira murjanin rana. Baƙi suna ɗauka fure ne, amma dabba ce mai rai. Kawuna ne a cure a kan dutse, kowane kai da bakinsa, kuma kowane baki sai an sa masa abinci shi kaɗai. Kullum bayan la'asar Rafiu yakan yanka jatan lande ƙanana ƙanana, ya zuƙa a sirinji, ya bi su baki baki. Sai su buɗe, rawaya shar kamar furen kabewa.

Yaya, tun ranar da aka fita da shi ba su sake buɗewa ba. A kwanakin zaman makoki babu wanda ya tuna da su, har da ni. Yanzu sun ƙudundune, naman gefensu yana ja baya, farin ƙashi ya fara leƙowa. Na kunna musu fitila don in ga abin da nake yi, na yanka jatan landen da ya bari a firji, na kai musu. Abincin sai ya gangaro ƙasa, kifaye su cinye. Na gwada da safe, na gwada da rana, na rubuta duk abin da na gwada a littafina kamar yadda na saba, amma babu wanda ya yi. Shekara da shekaru ina zaune ina kallon bayansa yana wannan aiki, ban taɓa tambayarsa yadda ake yi ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Don Allah ki aiko mini da gishirin da yake haɗa ruwan da shi. Ba na miya ba ne, na saka miki takardar buhun a ciki, a Accra yake saye.

Maganar aikin koyarwa da kika samo mini a makarantar yara ta unguwarku ban manta ba. Na san kin ce shugabar za ta jira ni zuwa buɗe makaranta a Satumba, ba za ta wuce nan ba. Ki bar ni tukuna, kaina bai dawo daidai ba.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hikima

Aboabo, Kumasi
Yuni

Yaya Kausara,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya ruwa a wajenku? Mu nan kwata ta cika har ƙofar gida, haka dai nake ji ana faɗa, ni ban gani ba. Gishiri ya iso, Allah ya saka da alheri.

Sun buɗe, Yaya. Kuma ba dabarata ba ce.

Goggo ce ta gaji da ganina a gaban gilashin. Ta ce mai takaba ba ta kwalli, ba ta turare, ba ta duba madubi, ni kuwa na sami wani madubin mai fitila ina wuni a gabansa da sunan kiwon dutse. Wai ita takaba biyu ta yi a rayuwarta, ba ta taɓa ganin irin tawa ba. Ta kashe fitilar, ta ciro wani baƙin zanenta mai kauri ta lulluɓe akwatin ruf. Na koma gado na juya fuskata bango, na ce a raina shi ke nan, an yi musu likkafani.

Da ta fita alwalar la'asar sai na ɗaga gefen zanen don in yi musu kallon ƙarshe. Na tarar wasu sun miƙo 'yan yatsunsu, siri siri, suna lilo a cikin ruwa. Ashe duhu suke so. Rafiu ne ya saba musu da fitowa da rana, da suka rasa shi suka koma halinsu na asali, ni kuma ina ta haska su da fitila ina ƙara korarsu.

Yanzu ga yadda nake yi. In an sallame la'asar sai in fara ɗiga ruwan jatan lande a ciki don su ji ƙanshi. Sai in jira. Sai in tura kaina da hannuna ƙarƙashin zanen, in bar 'yar kafa ta haske, in bi su ɗaya bayan ɗaya. Na yanke gindin robar ruwa ina kifa musu don kada kifayen su fizge daga bakinsu, don su ba sa sauri, a hankali suke naɗe abinci su kai ciki. Ranar Juma'a in kwashe wani ruwan in zuba sabo, saboda abincin yana ɓata shi. Wasu kawunan na gefe sun riga sun mutu, ba su dawo ba. Nakan ce da na gane da wuri.

Jibirin ƙanin marigayi ne ke sayo mini jatan landen daga kasuwar Kejetia. Ranar farko busasshe ya kawo, irin na haɗa yajin shito, yana ta murna ya samo mai kyau. Ya ce in na gama takaba zai kwashe akwatin ya kai shagonsa, ya sa masa ƙaton kwan fitila mutane su riƙa kallo, ya kuma riƙa watsa musu burodi. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na yi godiya kawai.

Goggo ba ta cire zanen ba, ba ta kuma hana ni shiga ba. Tana zaune da carbinta tana cewa ga amaryar kifi ta shiga lalle. Akwai zafi a ciki, gumi har cikin idona. Amma a bakin gilashin akwai inda ya yi santsi, inda Rafiu yake ɗora gwiwar hannunsa, kuma nan tawa take sauka. Daga waje ina jin mai koko tana talla, ina jin babura da hayaniyar masu shago, kamar daga wani gari. Ɗaki ɗaya, taga ɗaya, a cikin ɗakin kuma zane. Ban sani ba ko daidai ne a ce nan ne kawai nake samun numfashi.

Ki shafa mini kan yara.

Taki,
Hikima

Aboabo, Kumasi
Agusta

Yaya Kausara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Takardunki biyu sun zo, ki yafe mini rashin amsa. Na fara rubutawa sau da yawa ina yagewa.

Makon jiya aka ɗauke wuta tun hantsi. In injin da ke juya ruwan ya tsaya, numfashinsu ne ya tsaya. Na ɗauko ludayi ina kamfatar ruwan ina zubawa daga sama, ina kamfata ina zubawa, har azahar ta wuce. Kafaɗata ta dama ta mutu, na koma hagu, ita ma ta mutu. Ina kuka ina yi. Sai na ji an fizge ludayin. Goggo ce. Ta ce in matsa, hannun da bai taɓa tuƙa tuwon suna ba me zai iya. Haka muka yi ta karɓa-karɓa har aka kawo wuta gab da magariba, tana yi tana mita, wai ta tsufa ta ƙare a yi wa dutse fifita. Ba mu rasa ko ɗaya ba.

Wannan ranar ce ta sa na yanke shawara. Yaya, ba zan zo ba. Ki ba shugabar makaranta haƙuri, ta ba wata.

Na auna ta ko'ina. Ba za su jure tafiyar mota zuwa Accra ba, kuma ɗakin da kika ce za ki ba ni tare da 'yan matanki babu inda za a ajiye su. In na bar wa Jibirin, kin ji abin da zai yi. In an yi kwanaki ba a ba su abinci ba, za su rufe, su koma yadda na same su. Allah bai ba mu haihuwa ba, kin sani. Abin da Rafiu ya bari mai rai a duniya ke nan, kuma sau ɗaya na riga na kusa kashe su.

Kin rubuta cewa takabata ta kusa ƙarewa amma na ɗinka wa kaina wata wadda ba ta da ranar fita. Na ji zafin maganar, na kwana biyu ina fushi da ke. Ba zan ce ƙarya kika yi ba. Ina son aikin. Wani lokaci ina yanka jatan lande ina jin kaina ina rera wa yara baƙaƙe. Amma in na tuna tashar mota sai in ja da baya, kuma na kasa rabewa ko tausayinsu ne ko tsoron ƙofa. Na tambayi kaina a littafina, shafi ya cika babu amsa.

Kada ki yi fushi da ni.

Ƙanwarki,
Hikima

Aboabo, Kumasi
Ƙarshen Agusta

Yayata Kausara,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida duka. Matar Amidu ta gaya mini kin ce ba ki kai saƙona wajen shugabar ba, wai takardar ta jiƙe a hanya ba ki iya karantawa ba. Allah ya shirye ki, Yaya.

Na fita takaba ranar Litinin. An yi addu'a, an raba sadakar masa, maƙwabta sun shigo yi mini barka. Amma ban taka waje ba sai Alhamis, shi ma don jatan lande ya ƙare kuma Jibirin ya yi tafiya. Goggo ta ce ai yanzu ƙafata ba a ɗaure take ba, in je da kaina.

Kejetia ta yi mini girma. Na tsaya a bakin titi kamar baƙuwa, masu kaya suna ture ni, wata har ta zage ni da Asantanci na ba ta haƙuri. Na yi sayayyata da wuri, amma ruwa ya sauko, hanya ta cushe, motarmu ta tsaya cik. Ina zaune da leda a cinya na ji an kira la'asar. Na san yanzu sun fara miƙo yatsu cikin duhu, babu kowa. Na sauka na kama tafiya a ƙasa cikin ruwa, takalmina ɗaya ya tsinke.

Da na shiga ɗaki ban ga Goggo a tabarmarta ba. Ƙafafunta na gani a gaban akwatin, sauran jikinta yana ƙarƙashin zane. Ashe ta ɓoye ɗan jatan lande a bayan firji, da gangan ta ce ya ƙare. Tana ciki tana magana ƙasa ƙasa, tana cewa kai mai haɗama ka jira, ke kuma 'yar auta buɗe baki. Ta kifa robar daidai. Na leƙa, duk sun naɗe abincinsu, babu bakin da ta tsallake. Watanni ke nan tana jan carbi ashe ido ɗaya yana kaina.

Da ta fito, gumi sharkaf, ta dube ni sama da ƙasa ta ce in je in canza kaya kafin in jiƙa mata tabarma. Bayan na dawo ta zaunar da ni. Ta ce a Asokore Mampong babu mai jiranta sai bango huɗu, ta riga ta gaya wa Jibirin ita za ta zauna a ɗakin nan, kuma in ya kuskura ya kawo kwan fitilarsa sai ta fasa masa a ka. Ta ce waɗannan halittu ba su san hannun Rafiu ba, ba su san nawa ba, abinci kawai suka sani. Ta ce ita bayan takabarta ta biyu babu wanda ya kira ta ko'ina, ni kuwa ana kirana.

Yaya, tun rasuwar babu maganar da ta yi mini ciwo kamar wannan, cewa ba su san hannuna ba. Na yi kuka sosai, ta bar ni na yi. Ban san ko na sauƙi ba ne ko na kishi. Har yanzu ina ganin tana cika musu abinci, kuma ban tabbata za ta tuna da canjin ruwa ba. Na rubuta mata komai da manyan baƙaƙe na manna a bango, ta ce ita ba ta karatun boko, in cire mata takarda daga ɗaki.

Jiya da yau ita ta ba su, ni ina zaune a bakin gado hannuna a cinya. Sun buɗe.

Ki gaya wa shugabar ina zuwa. Amidu ya ce zai ajiye mini kujera ranar Asabar. Gishirin da ya rage zai kai su wata biyu, daga nan ni zan riƙa aikowa.

Abu ɗaya nake roƙonki. In la'asar ta yi a Nima kika ga na miƙe ina neman wuƙa da faranti, kada ki yi mini dariya, kada kuma ki ce komai. Ki miƙo mini albasa in yanka.

Sai na iso, in Allah ya yarda.

Ƙanwarki,
Hikima