Abincin Ɗaya, Baki Biyu

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Maigidana lafiya lau, surukata ma, sai ciwon gwiwa. Cikin 'yan biyuna masu shekara biyu, Rigima ƙalau take, Shiru-shiru ce ba lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya.

Wata biyu ke nan da sistocin Katolika masu aikin taimako suka auna damtsen yara da wani zare mai launi. Na Shiru-shiru ya faɗa ja, na Rigima kore. Aka rubuta ɗaya, aka bar ɗaya. Duk Laraba ana ba ni abincin tamowa a 'yan ledoji, Sista ta ja min kunne cewa na mai ja ne ita kaɗai.

To ita Sista ta taɓa yage leda a gaban 'yan biyu? Kafin in kai wa wannan baki, waccan ta zube tana birgima. Na ɓuya bayan ƙofa, ta biyo ƙamshi. Surukata kuma ta ce ciki ɗaya suka kwanta, ba a gidan ɗanta za a nuna bambanci ba. Na gaji, na koma rabawa biyu.

Yanzu Rigima har kumatu ta yi, Shiru-shiru tana nan jiya i yau. Sista ta dubi sikeli, ta dube ni, na ce ban san dalili ba. Ta rubuta a kati cewa nauyi bai ƙaru ba, ni da idona na karanta. In na faɗi gaskiya, ina tsoron a soke sunan yarinyar. In na yi shiru, ina kallonta tana ƙarewa. Ki amsa min kafin Laraba.

Uwar 'Yan Biyu

Amsar Anti: Uwar 'Yan Biyu, sannu da ƙoƙari. Ba mugunta kika yi ba, tausayi ne. Amma Sista ma tana da gaskiya: wannan abincin magani ne, da awo ake bayarwa, rabinsa ba ya aiki. Ki faɗa mata komai ranar Laraba. Ba ke ce ta farko ba, kuma ita ba sunan da za ta soke take nema ba, dalili take nema. Shirunki zai sa ta yi ta laluben cutar da babu.

Ki tafi da surukarki, ta ga sikelin da idonta, a sake auna Rigima ma. Daga yau kuma, in lokacin ci ya yi, kakar ta goya Rigima su fita ƙofar gida da ɗan abin taɓawa. Kukanta na minti biyar ba zai rage mata kumatu ba.

Allah ya ba Shiru-shiru lafiya, har ki dawo kina ƙorafin ita ma ta koyi birgima.