Ni da Sitiyari, Kai da Giya

Zuwa ga maigidana, Baban Ladi,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana hutawa a wurin da Ya shirya maka. Mu nan Kafanchan muna lafiya. Ladi da ƙannenta suna nan ƙalau, ruwa ma bana ya yi, dawar bayan gida har ta fid da kai.

Bayan haka, jikokinka sun dame ni in rubuta musu labarin jar motar nan da ka ƙera. Sau uku ina zama da biro ina tashi. Ashe labarin ba ya fitowa sai in da kai nake yinsa. To bari in yi da kai, su kuma su saurara daga gefe.

Ka tuna kalandar da wani direban jirgin ƙasa ya kawo maka daga Ikko? Lokacin yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kana gyaran kan jirgi a loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, ni ina koyar da 'yan aji huɗu. A jikin kalandar akwai hoton wata tsohuwar motar tsere ta Turai, mai dogon hanci, kujera biyu, ba rufi. Shekara ta ƙare na zo zan cire, ka riƙe hannuna. Ba a yi wata ba sai ga ka da mutane kuna turo mushen wata mota Boswaja cikin gidanmu, ka ce wannan ce za ta zama waccan.

Shekara uku ka yi. Ka sauke bodin, ka sassaƙa siffar motar da katakon maɗaci, ka riƙa ɗora falankin alminiyam a kai kana bugawa da ƙaramar guduma. Kana yawan cewa, “Ƙarfe ba ya jin faɗa, lallashi yake ji.” Ku shida ne a ƙungiyarku, kowa da hoton da yake kwaikwayo. Kowace Asabar bayan la'asar kuna haɗuwa a gindin mangwaronmu kuna gardamar faɗin taya, Malam Yohanna mai ba da magani a asibiti yana rubuta abin da aka yanke kamar taron dattawan ikkilisiya.

Ba zan yi maka ƙarya ba yanzu, ban so motar nan ba. Ƙarar gudumar ta hana ni duba littattafan yara. A zumuntar mata aka tambaye ni mene ne amfanin motar da ba ta tare ruwa, ba ta ɗaukar buhun masara, alhali ni ma tambayar da nake yi ke nan a zuciyata.

Sai wasiƙa ta zo daga Kaduna. Masu irin sha'awarku na can za su yi taro, suna gayyatar duk wanda ya ƙera tasa. A cikin ku shida taka ce kawai ta tashi, saboda haka aka shirya kai ka tuƙa, sauran su bi jirgi. Ka yi mata jan fenti. Ka sa ni na ɗinka rigar kujerun da keken ɗinkina, ina yi ina gunaguni.

Saura mako uku, ran wata Litinin, sarƙa ta kufce a wurin aiki. Yatsu uku na hannunka na hagu suka tafi.

Da aka sallame ka daga asibiti ba ka ko shiga ɗaki ba sai da ka ja tamfol da hannu ɗaya ka rufe motar. Daga nan ka yi shiru. Ba ciwon ne ya tsorata ni ba, shirun ne. In na kawo tuwo ka taɓa loma biyu ka ture. Fasto ya zo ya yi addu'a, ko amin ba ka ce ba. Da Malam Yohanna ya zo dubiya, ka ce masa ya rubuta wa mutanen Kaduna ba mai zuwa. Na raka shi har ƙofar gida, a nan na ce masa kada ya rubuta komai, ya zo gobe bayan an tashi makaranta ya koya mini tuƙi. Ya dube ni ya ce, “Malama, kin san ko keke ba ki iya ba?”

Muka tura motar zuwa filin ƙwallon makaranta da ke bayan gidanmu. Ranar farko na daki turken gola, gefen hancin ya loɓa. Malam Yohanna ya gyara iyakar iyawarsa, muka shafa fenti, muka yi alkawari ba mai faɗa maka. Sitiyari ya zauna a hannuna da sauri, birki ma haka. Giya ce ta gagare ni. Duk sa'ad da na kama sandar nan sai ta yi wani irin kuka kamar ana niƙa tsakuwa.

Kana jin kome daga ɗaki. Rana ta huɗu na ɗaga kai sai na gan ka kana tsallako shingen makaranta, hannu a rataye a wuya, ba ko takalmi. Ka ce, “Ya isa haka! Za ki zubar mata da haƙora.” Wannan ce magana ta farko da ka yi mini da ƙarfi tun ranar Litinin ɗin nan, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa kamar ranar ba.

Motar ta tsohon yayi ce, tun kafin a koma tuƙi ta hannun dama, sitiyarinta yana dama. Da ka zauna a kujerar hagu, sai ga sandar giya daidai hannunka mai lafiya. Ka ɗora shi a kai. Ka ce, “Taka.” Na taka kuloci, ka sa giya. Ka ce, “Saki, a hankali.” Muka zaga filin sau bakwai ba kuka ko ɗaya. Malam Yohanna ya ɗauki kekensa ya tafi, ba mu ma san ya tafi ba.

Ran Juma'a da sassafe muka yi addu'a muka kama hanya. Ba mu kai Madakiya ba iska ta ɗauke mini ɗankwali, na ce mu tsaya, ka ce an yi wa mutanen Madakiya kyauta. Masu zuwa gona suna tsayawa baki buɗe. Ban san ko motar suke kallo ba ko macen da ke tuƙa ta.

Kusa da Kachia hadari ya taso. Muka fake a rumfar wata mai noman citta, muka rufe kujerun da tamfol. Ta ba mu dafaffiyar gyaɗa. Na ɓare maka, ka ci har ka nemi ƙari. Na juya baya kamar ina duba ruwan, don kada ka ga idona.

A Kasuwan Magani ne na kusan kasawa. Mutane sun cika hanya, na rikice na saki kuloci da sauri, mota ta mutu a tsakiyar jama'a. Aka kewaye mu, ana dariya, wata babbar mota tana ta oda a baya. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, “Malama, aji ne kawai. Kin saba da idanu.” Na ja numfashi na tayar. A Mararraban Rido muka roƙi bokitin ruwa muka wanke mata laka, ka goge hancin da kanka har ya yi ƙyalli.

Washegari a filin taron na ga jikinka ya yi sanyi. Motoci a jere, na Turawa, na Kwarori, na manyan ma'aikata, yawancinsu daga waje aka aiko da bodin a akwati, ɗaurawa kawai aka yi. Ka sa kwat a cikin zafin nan, ka cusa hannun hagu a aljihu. Wani tsohon injiniya Ba'indiye shi ne mai duba motocin don a ba wadda ta fi kyau kofi. Ya ƙwanƙwasa bodin da yatsa, ya sake ƙwanƙwasawa, ya leƙa ƙasa, sa'an nan ya tambaya wane kamfani ne ya buga shi. Sai ka zaro hannun nan da bandejinsa, ka haɗa da na dama, ka ɗaga masa su biyu.

Daga nan ba wanda ya iya tsayar da kai. Kana nuna musu yadda ake bin alminiyam da guduma daga tsakiya zuwa baki, mutane suka bar motocinsu suka taru, abokanka biyar suna tsaye a bayanka kamar su suka haife ka. Tsohon ya shafa gefen hancin ya tsaya daidai inda na daki turke, ya ce nan hannun ya bambanta. Ko kallona ba ka yi ba ka ce, “Wannan sa hannun direbata ne.”

Ba mu ci kofi ba. Wata koriyar mota ta wani likita ce ta ci. Da aka ce kowa ya zaga fili sau ɗaya, mu ne muka fi kowa jinkiri, kana cewa taka, ina takawa, kana dariya har hularka ta faɗi.

Hannun bai sake riƙe guduma kamar dā ba, aka mai da kai koyar da sababbin ma'aikata a loko, kuma ka iya. Ni na zama direbarka, zuwa sujada, zuwa biki, zuwa jana'iza, har zuwa asibitin da ba mu dawo tare ba. Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Na iya sa giya tun kafin Kirsimetin shekarar da muka je Kaduna. In kana wurin aiki ni kaɗai nake kai Ladi ɗaukar karatu, ba gargada. Amma in ka shigo sai in bar maka sandar. Ina jin ka sani. Kai ma ba ka taɓa cewa kome ba.

Sauran labari ɗaya. Makon jiya likitan ido ya ce in daina tuƙi. Yara sun shirya za a yi rigima, har sun kira Fasto ya zo ya lallashe ni. Kafin ya zauna na miƙa wa Ladi makulli. Na yi rabona, ban kuma taɓa buge ko akuya ba. Na so kai ma ka ji daga bakina.

Ubangiji Ya ci gaba da ba ka hutu a cikin salamarsa. Ya gafarta mana inda muka ɓata wa juna. Ya tsare 'ya'yanmu da jikokinmu a kan hanya, fitarsu da shigarsu. Sauran kwanakina Ya sa in cinye su da godiya, ranar da Ya kira ni kuma Ya same ni a shirye. Amin.

Ni ce taka har kullum,
Saratu, Maman Ladi