Wa Zai Riƙe Igiyar Barley?

Powell River, farkon Oktoba

'Yata Delphine,

Ina gaishe ki da kyau. Ya aikin asibiti, ya gajiya? Kin san ba na amsa maganar kirki ta saƙon waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin ce in bar ki ki je kotu kan Barley, wai ko ba ki yi nasara ba alƙali zai raba muku shi, mako guda wajenki, mako guda wajen tsohon mijinki Anders. Mutane da yawa haka suke zato: tunda ana raba kwanakin yara bayan mutuwar aure, kare ma haka za a yi masa. Duk ajin sakandaren da na koyar da darasin doka sai an yi min wannan kuskuren, ke ma kin zauna a ajin, kina zane a bayan littafi.

A lardinmu alƙali zai duba wa ya kawo karen, wa ke ciyar da shi da kai shi likita, wa ke da halin riƙe shi nan gaba. Amma ba shi da ikon cewa ku yi tarayya. Mutum ɗaya zai ba. Ku biyu kaɗai kuke iya yarjejeniyar raba shi, kafin ku shiga. In kun shiga, ɗayanku zai fito da igiya ba kare.

Kin tabbata ke ce za ki fito da shi?

Antinki mai ƙaunarki,
Roz

Nanaimo, tsakiyar Oktoba

Anti Roz,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a mota, na kasa cin abinci.

Ni na ɗauko Barley daga gidan karnuka marasa masu shi, yana rawar ɗari, duk ƙasusuwa a waje. A lokacin Anders cewa ya yi, "Wannan kare ne ko tsumman goge ƙasa?" Yanzu shi ne mai kai ni ƙara! Ranar da na kwashe kayana na tafi da Barley, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Ki ɗauki talabijin, Del, ki ɗauki motar ma, ki bar min tsohon karen." Na ce masa, "Ka ci talabijin ɗinka."

Zan faɗa miki abin da lauyata ta ce in rufe bakina a kai. Ɗakin da na kama a hawa na uku yake, sai matakala. Ƙafafun Barley na baya sun gaji, ba ya iya hawa. Ɗaukarsa nake yi, safe da yamma, kuma kin san girmansa. Bayana ya riƙe har na fara ɗingishi a wurin aiki. Ranar da nake dogon aiki yakan riƙe fitsari har in dawo, in buɗe ƙofa in same shi yana kallon bango don kunya.

Kada ki gaya wa kowa. In Anders ya ji, na rasa shi. Ba ni da ɗa, Anti, ba ni da gida. Shi kaɗai ya rage min daga auren nan.

Taki,
Del

Nanaimo, ƙarshen Oktoba

Anti Roz,

Barka da war haka. Ban sani ba ko har yanzu ina da izinin kiranki Anti, amma bakina bai iya wani sunan ba. Na gode da kwalbar zumar da kika aiko, ko da yake na san kafin rigimar kika sa ta a hanya.

Ba na so ki shiga tsakani. Shawara nake nema, don lauyana kuɗin kowace kalma yake karɓa, kuma ba ya son wannan maganar. Masana'antar katako ta rage mutane, har da ni. Na sami aiki a mahaƙar ma'adinai can arewa, irin na sansani: mako biyu a can, mako biyu a gida. Ba a zuwa da kare. In alƙali ya ba ni Barley, rabin kowane wata a keji zai yi, a gidan ajiyar karnuka. Na je na duba wurin, na tsaya a tsakiyar haushi, na juya na fito.

Sai zagaye gidan nake yi. Na yanke ciyawar bayan gida, na sake yanke ta. Ramin da Barley ya tona ƙarƙashin itacen tufa na nan, na kasa cike shi. Na san in Del ta ji zancen sansanin ta gama da ni a kotu. Ki riƙe min wannan sirrin.

Da girmamawa,
Anders

Powell River, farkon Nuwamba

Delphine da Anders,

Gaisuwa gare ku duka. Wasiƙa ɗaya na rubuta, na kwafe ta biyu, kada wani ya ce na fi son wani.

Kowannenku ya ba ni amana, kuma ba zan buɗe ta ba, ko da yake tun da na karɓa nake kai da komo tsakanin kicin da taga kamar mai jiran jirgin ruwa. Abin da zan iya faɗa shi ne wannan. Kowannenku yana shirya amsar tambayar alƙali, wato wa ya fi cancanta, kuma don ya ci wannan tambayar dole ya ɓoye inda yake da rauni. Doka ba ta yi laifi ba, aikinta ke nan idan mutane sun kasa. Amma akwai tambayar da ba a yi a kotu, kuma ba ta da tsada.

Ga aikin gida, yara. Kafin ranar zaman kotu, ku haɗu a bakin teku inda kuka saba kai Barley, ba lauya. Kowa ya tambayi ɗan'uwansa: "In aka ba ka shi, ya ranar Talatarsa za ta kasance, daga safe zuwa dare?" Wanda aka tambaya ya faɗi gaskiya. Del, ke za ki fara amsawa, don ke ce mai taurin kai. Ku gwada. In bai yi ba, kotu na nan ba ta gudu.

Antinku, ku duka biyun,
Roz

Nanaimo, Disamba

Anti Roz,

Ina gaisuwa. Mun je. Na fara, na faɗi zancen matakala, ina jiran ya ciro waya ya kira lauyansa. Sai ya zauna a kan gungume ya ce, "Ke ma?" Sannan ya ba ni labarin aikin da ya samu a arewa.

Ba mu shirya ba, kada ki fara murna. Mun dai janye ƙarar, mun sa hannu. Barley zai zauna a gidan mai itacen tufa. In Anders ya tafi arewa ni zan koma can, in ya dawo in koma bene. Karen ba ya ƙaura, mu ne muke ƙaura.

Ranar farko na tsaya a bakin ƙofar da na rantse ba zan sake shiga ba, mabuɗi a hannu, na kasa murɗawa. Sai na ji farcen Barley a kan katako, yana tahowa a hankali. Na murɗa.

Ki hau jirgin ruwa ki zo. Igiyar na rataye a bayan ƙofa, ki gwada fita da shi ki ga in zai yarda ki wuce raminsa.

Taki,
Del